Ranar Da Na Shafa Wa Surukaina Man Kirfa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƴata Zara ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Birni ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga taro aka fara zagayawa da turare, sai ka ga tsofaffi suna cusa hannu cikin riga suna kallona ta wutsiyar ido. Yaran da ba a ma haife su ba a lokacin sun san labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To gara in faɗa da bakina, ko na samu a rage mini wani abu.

Bari in fara da halina, don shi ne tushen abin. Ni mutum ne mai zargi. In ka gaishe ni da fara'a, sai in ce me wannan yake nema. In ka wuce ba ka gaishe ni ba, sai in ce me ya ƙulla. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ko nonon da ta ba ni sai da na shinshina kafin in kama. Ni kuwa ban taɓa ɗaukar wannan aibi ba, wayo na ɗauke shi. Zamanin ma ya ɗaure mini gindi, don Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, kowa magana yake ƙasa-ƙasa, ba ka san wanda zai kai sunanka bariki ba.

Sana'ata jima ce, gado na yi. Wanda ya taɓa bi ta majema ya san abin da nake nufi in na ce muna da wari. Toka, kashin kaji, ruwan bagaruwa, ɗanyar fata, duk suna shiga jikin mutum su yi gida. Ka yi wanka sau nawa ka ga dama, in ka zauna a sahu sai na kusa da kai ya ɗan gyara zama. Mutane na son jar fatarmu, suna yaba taushinta, amma hancinsu bai taɓa yafe mana ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, ba na dai faɗa.

Yaron da Zara ta so ɗan manoman ƙauyen Guna ne, mai hankali, ita ma ta mutu a kansa. Matsalar baffansa ce, wani dattijo mai suna Malam Habu, wanda shi ne waliyyin ango. Tun zuwansu na farko na lura mutumin nan ɗan'uwana ne a hali: ya ƙi shan furar da aka kawo sai da ya ga na kurɓa. Labari kuma ya iso mini cewa ya ce abu biyu ke damunsa da gidanmu, warin jima da kuma ɗan'uwanmu da ke aiki wurin Nasara. Ya ce da ƙyar aka shawo kansa, kuma ko a ranar ɗaurin aure ya ga abin da bai gamshe shi ba, zai kaɗe rigarsa ya koma Guna.

Ɗan'uwan nan da ake magana shi ne Mutari, ɗan gwaggona, wato taubashina. Yana aiki wurin lokotoron Nasara, wato likitansu, yana wanke miki da ɗaure ƙafa. Kun san taubashi, tsokana ce abincinsa, kuma al'ada ta hana ka fushi. Amma Mutari ya wuce gona da iri. Ya taɓa zuwa da gudu ya ce ana nemana a fada, na sha rawani na je na yini a ƙofa, ashe ko karen fada bai san da ni ba. Ya taɓa zuba mini barkono a garin taba. Saboda haka na yi wa kaina doka: duk abin da Mutari ya ce gabas, ni yamma zan nufa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Maganar Mutari ba ni da yadda zan yi da ita, amma ta wari na ƙudura sai na kashe ta. Na ce ranar nan sai mutanen Guna sun shaƙi ƙamshin da kakanninsu ba su taɓa ji ba, kuma a ƙofar gidan majemi. Na tafi Zango wurin wani Balarabe da ke harhaɗa kayansa zai koma Tarabulus, saboda ayarin raƙuma ya ja baya. Ya nuna mini su miski da man wardi, na ce duk an sani. Sai ya shiga ciki ya fito da wata ƴar kwalba mai duhu, tsawonta bai fi yatsa ba. Yana buɗewa na ji ƙamshi mai zaƙi da ɗumi ya cika rumfar. Ya ce, "Wannan man kirfa ne, ran itacen ne kansa. Ɗigo ɗaya, ya sidi. Ɗigo ɗaya kawai." Na yi murmushi a raina na ce kirarin ƴan kasuwa, kowa cewa yake kayansa ɗigo ɗaya ne. Na karɓa na cusa a aljihu.

Ana saura kwanaki kaɗan biki Mutari ya shigo zaurena, ya tsaya yana ɗaga hanci. Ya ce, "Bawana, me ka ɓoye? Yau ban ji mushe ba." Na so in musa, amma alfahari ya ci ni, na fito da kwalbar. Ya shinshina bakinta, sai na ga fuskarsa ta canja, dariyar ta ɗauke.

Ya ce, "Wannan ai akwai shi a akwatin lokotoro, kanel suke ce masa. Me za ka yi da shi?"

Na ce, "Turaren baƙi, ranar ɗaurin aure."

Ya ce, "Haka tsurarsa? Atansiyo, yi hattara, bawana. Wallahi wuta ce." Ya zauna ya shiga yi mini bayani. Wai daga wata ƙasa can bayan teku ake kawo shi. Ana zuba ɓawon kirfa a tukunya mai dogon wuya a turara shi, tururin ya kwaso man ya bi ta wuyan, in ya huce ya ɗiga, ruwa daban mai daban. Wai tulin ɓawo ɗan mai kaɗan yake bayarwa, shi ya sa ƙarfin itacen duka ya taru wuri guda. Kuma abin da ke ba shi ƙamshin nan shi ne dai yake ƙona fata, ba a raba su. Ya ce su a wurin lokotoro sai an tsinka shi sosai kafin a ɗiga a auduga a sa wa mai ciwon haƙori, ko a haɗa ruwan kurkure baki, kuma suna ɗan shafa shi a akwati don kiyashi da fumfuna. Ya ce, "Kai ma da ka ajiye shi don fatunka lokacin damina, da ya yi maka rana. Ka dai riƙa toshe bakin da kyau kana ɓoye shi daga rana, in ya sha iska duhu yake yi ya yi kauri. In kuwa lalle sai ka shafa wa mutane, to ɗigo ɗaya a cikin ludayin man gyaɗa."

Man gyaɗa! Nan take na ce na gano shi. So yake in tara dattawan Guna in shafe su da man suya, su tashi suna ƙamshin ƙuli-ƙuli, a yi ta ba da labari har jikoki: majemi ya rasa turare ya ba surukai man tuya. Ga kuma cin fuska, wai turaren da na wahala na samo in shafa wa fatar akuya. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, bawan banza. Wannan karon ba ka samu ba."

Ya rantse, ya sake rantsewa. Har ya ce a kawo ruwa a ƙoƙo ya nuna mini cewa wannan ba irin man da na sani ba ne. Ya ɗiga ɗigo ɗaya, ya taɓa shi da tsinke, sai ga shi ya gangara ya kwanta a gindin ƙoƙo kamar ƙwayar gero. Ya ce, "Wala, ga shi nan! Ka taɓa ganin mai ya nutse? Ya fi ruwa nauyi." Gaskiya na kusa yarda. Amma sai na ce a raina mutumin da ke yini da Nasara ai ba zai rasa ƴan dabarun rufa ido ba. (Ku lura, na ga abu da idona, na zaɓi in zargi idon.)

Kada ku ce ban gwada ba, na gwada. Bayan ya tafi na ɗiga a gefen riga, rigar ba ta ƙone ba. Na ɗiga a tafin hannuna na murza, na zauna ina jiran wuta, shiru, sai ɗan ɗumi mai daɗi. Abin da ban tuna ba shi ne tafin hannun majemi ya riga ya zama fatar takalmi, ko garwashi na kan ɗauka da shi in kunna taba. Mai ɗakina ma, wadda ta iya haɗa humra tun tana gidansu, ta ce, "Malam, ko ka ba ni in haɗa maka shi da wani abu? Ƙamshin nan ya yi kaifi." Na dube ta na ce wato Mutari ya biyo ta nan ma. Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta koma wurin tuyarta.

Ranar ta zo. Da sassafe wanzami ya zo ya yi mini aski, ya kwashe kan nan tas har yana ƙyalli, da ƴan yanka biyu-uku a ƙeya kamar yadda ya saba. Na sa hula, na zura babbar riga. Don kada Mutari ya ɓata mini shiri, sai na aike shi Zango wai ya ƙaro dabino, alhali dabino na nan jibge. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai. Aka shimfiɗa tabarmi a rairayin ƙofar gida, hantsi ya ɗaga, jama'a ta taru. Liman na tsakiya, yayana da ke waliccin amarya na damansa, Malam Habu da mutanen Guna na hagunsa. (Zara ba ita ce ta fari ba, balle in ɓuya don kunya. Da ma ita ce, da na tsira.)

Kafin a fara na miƙe da kwalbata na shiga zagayawa da kaina. Kun san yadda ake yi: a ɗiga maka a hannu, ka murza, ka shafa a gemu da wuya da bayan kunne. Ni kuwa ban yi rowa ba. Ɗigo ɗaya na Balarabe ya zama uku-uku, manyan baƙi har da ƙari. Ƙamshi ya tashi ya cika lungu. Liman ya ce, "Masha Allah," ya goga a gashin baki. Malam Habu ya tsaya yana kallon hannunsa, ya ga kowa ya shafa, sannan ya shafa a wuya da kumatu, har na ji ya ce wa na kusa da shi, "Ashe majema ma sun san abin kirki." Wallahi a wannan lokacin ji na yi kamar an naɗa ni sarauta.

Liman ya fara huɗuba. Bai yi nisa ba na ga yana jan hanci, idonsa ya kawo ruwa. Na ce Allah sarki, tsoron Allah ya kama malam. Sai na ga yayana yana sosa bayan kunne. Wani dattijo ya cire rawani yana fifita wuya da shi. Sahun mutanen Guna duka ya shiga mutsu-mutsu. Me kuke tsammani na yi tunani? Na ce maƙwabcina da muke rigimar magudanar ruwa ya barbaɗa ƙaiƙayi a tabarmi. Har na fara harararsa, sai na ga shi ma hawaye yake yi, gemunsa a hannu.

Liman ya tsaya cak a tsakiyar magana ya ce, "Jama'a, ku yi mini afuwa, leɓena ba nawa ba ne." Malam Habu ya miƙe tsaye. Wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu, idanu jajir. Ya nuna ni da sanda ya ce, "Na faɗa! Na faɗa tun a Guna ba a ji ba! Gidan da ke da ɗa a wurin Nasara, me za a shafa maka in ba maganinsu ba? An tara mu a shanye mu ne ko a kashe mu? Mun fasa! Ku tashi mu tafi!" Mutanensa suka fara neman takalma. Daga cikin gida na ji guɗar da mata suka shirya ta koma salati, na kuma ji muryar Zara ta fashe da kuka. Wannan kukan ya tsinka mini zuciya, don na san yarinyar nan ba ta da wani buri a duniya da ya wuce yaron.

Na sha gabansa ina rantsuwa cewa turare ne, daga hannun Balarabe, babu ruwan Nasara a ciki. Ya ce, "Turare ne? To kai me ya hana ka shafa? Kowa ka ba shi, kai ka tsame kanka." Gaskiyarsa, ban shafa ba, don mai gida shi ne na ƙarshe. Amma da ni ne a matsayinsa, abin da zan tambaya ke nan. A ƙasar nan kuwa wanda aka zarga da ba da guba hanya ɗaya gare shi, ya sha a gaban mutane. Na ce, "Malam Habu, ka tsaya ka gani." Na tuɓe hula, na ɗaga kwalbar sama yadda kowa zai shaida, na juye duk abin da ya rage a kan sabon askina, na murza da hannu biyu har ƙeya.

Na tsaya na harɗe hannu ina murmushi. Na ɗan lokaci babu komai, har na buɗe baki na ce, "Kun gani ko? Lafiya la…" Ban ƙarasa ba. Abin ya fara daga inda wanzami ya yanke ni, ya bazu. Jama'a, na taɓa faɗawa a tokar jima mai zafi, kunama ta taɓa harbina a cinya, duk wasan yara ne. Ji na yi an kifa mini kaskon wuta a ka. Na yi ƙoƙarin riƙe mutuncina, na cije, gumi ya kwaso man ya gangaro da shi goshi. Daga nan mutunci ya ce sai wata rana. Uban amarya, da babbar riga, na kurma ihu ina kiran sunan mahaifiyata da ta daɗe a kabari, na tsallake liman, na yi karo da tiren goro (tire ya yi sama, yara suka samu rabonsu), na tsoma kaina a kwatarniyar da jakunan mutanen Guna ke shan ruwa. Ruwan bai yi komai ba sai ƙara watsa wutar zuwa kunnuwa da wuya. Na ɗago na sake ihu, na sake tsomawa, jaki na tsaye yana jiran in gama.

A haka Mutari ya dawo da dabino a ka. Ya dubi dattawa suna fifita gemu, ya dubi ƙafafuna da ke waje kaina na cikin kwatarniya, ya shaƙi iska sau ɗaya. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ajiye kaya ya leƙa zaure ya ɗaga murya, "Ku miƙo man gyaɗa! Duk wanda ke gidan, har na tuya! Da tsummoki! Kada wanda ya taɓa idonsa, kada wanda ya ƙara sa ruwa!" Mai ɗakina ta turo tulun man da aka tanada don kayan gara. Ya fizgo ni daga kwatarniya ya zaunar a rairayi, ya kwarara mini ludayi guda a ka, ya goge, ya sake kwararawa. Yana yi yana cewa a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Mai ke ɗauke mai, bawana. Ludayi ɗaya na ce maka. Yanzu ga tulu." Na ƙara miƙa masa kai, don sanyin da na ji ya fi ƙarfin baƙin cikina.

Sai ga dattawan Birni da na Guna sun yi layi gaban taubashina, ɗan aikin Nasaran da ake gudu, kowa na miƙa gemu ana shafa masa man suya. Liman ma ya miƙa leɓe. Kafin a jima lungun nan gaba ɗaya ƙamshin ƙuli-ƙuli yake, da ɗan kirfa sama-sama. Abin da na ƙona kaina don gudunsa, shi ne dai ya faru, kuma da hannuna na jawo shi.

Malam Habu ne na ƙarshe. Ya ƙi yarda a taɓa shi sai da ya ga wuyan liman ya lafa. Da aka goge masa ya samu sauƙi, ya zo ya tsaya a kaina. Ina zaune a ƙasa, kai ya kumbura ya yi jawur, mai na ɗiga ta hanci, riga ta jiƙe da ruwan jakuna. Ya daɗe yana kallona, ni kuwa ina jiran ya ce a ɗaura wa jakuna kaya. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya ce ta ƙwace masa, har ya dafa sanda. Ya ce, "Jama'a, na janye maganata. Mugu ba ya yi wa kansa haka. Wannan bawan Allah ba mugu ba ne, wawa ne kawai, kuma da mugun suruki gara wawan suruki. Liman, in leɓenka ya dawo, ɗaura mana."

Aka ɗaura. Aka shafa fatiha da hannuwa masu maiƙo, fuskoki na ƙyalli. Guɗa ta tashi daga cikin gida, ta gaske wannan karon. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba, ga shi a gaban jama'a aka kira ni wawa, amma da shi ƴata ta samu mijinta. Kaina ya yi kwanaki yana saɓa, ban iya sa hula ba, kuma kayan gara sai da aka nemo wani man. Maganar warin jima kuwa ba wanda ya sake tayar da ita a Guna, sun samu abin faɗa da ya fi ta daɗi.

Hausawa sun ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ni na ji, na gani a ƙoƙon ruwa, sai da na ɗanɗana da ƙoƙon kaina. Na zargi Balarabe, na zargi matata, na zargi maƙwabcina, na zargi idona, abu ɗaya tak da na amince wa a duk lamarin shi ne kwalbar. Tun daga ranar na koyi cewa ko taubashi ne ya ce maka wuta ce, ka fara gwadawa a bayan kunne kafin ka gayyato mutanen Guna.

Amma in gaya muku gaskiya, har Mutari ya koma ga Allah ban sake da shi ba a kan maganar nan. Ya san halina sarai, ya san duk abin da ya ce gabas yamma zan yi. Ina zargin da gangan ya gaya mini gaskiya.